Maganin Wake da Muryar Ladan

Gwandu,
24 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Yayana Abdulgani, rumfar kayan noma, kasuwar Kalgo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Larai da yara. Ya zafi, ya kasuwa? Mu nan lafiya lau, sai dai maigidana, Malam.

Yaya, na daɗe ina ɓoye wannan magana, yanzu ta fi ƙarfina. Tun bayan ƙaramar salla muryar Malam take yi masa wani abu da ba mu gane ba. Kiran asuba yana fita kamar yadda ka san shi, har masu sammakon zuwa Masama suna ji daga bayan gari. Azahar da dama-dama. La'asar sai muryar ta koma ta hanci. Idan magariba ta yi, zai tsaya ya sa yatsu a kunne ya buɗe baki, iska kawai ke fita. A lokacin fatar idonsa na dama ta sauko ta rufe rabin idon, tuwo ba ya haɗiyuwa, ruwa in ya kurɓa ta hanci yake dawowa. Gari na wayewa kuma ya tashi garau kamar ba shi ba.

Wannan tashi garau ɗin shi ya fi cutar da mu. Mutanen unguwa sun ce ba su taɓa ganin ciwon da ke zuwa da la'asar ya tafi da asuba ba. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu, wasu kuwa ba su ɓoye ba, sun ce lalaci ne. Rubutu ya sha, hayaƙi an yi, babu sauyi. Yanzu Usman, ƙanen liman, shi ke karɓar magariba da isha'i. Ka san kiran sallar masallacin nan gadon Malam ne daga mahaifinsa. In Usman ya fara, sai in leƙa zaure in ga Malam zaune, kai a sunkuye, leɓɓansa suna bin kiran.

Malamin asibitinmu ya ce a kai shi Sakkwato. Malam ba ya jin Turanci, kuma ka san halinsa, in aka ce masa ya dawo gobe, godiya zai yi ya dawo gida. Kai ka iya shiga inda aka rufe. Don Allah, Yaya, ka zo ka raka shi. Lawali direba zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

*

Kalgo,
9 ga Mayu, 1994

Ƙanwata Ruƙayya,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan Bafillatanin naki ya iso gida da ƙafafunsa. Na san abin da Malam Sambo ya gaya miki bai wuce "an ce jijiya ce" ba, domin tun daga Sakkwato har inda na sauka ban ji komai daga bakinsa ba sai "madalla". Saboda haka gyara zama ki ji daga wanda ya iya ba da labari.

Mun isa asibiti da sassafe, muka yanki kati, muka hau layi. Na dubi mijinki na ga mutum tsaf, ido tar, yana amsa gaisuwa kamar mai wa'azi. Na ce a raina, in likita ya ga wannan, maganin zazzaɓi zai ba mu ya sallame mu. Sai na shiga rabon alheri. Duk wanda ke bayanmu in ce, "Baba wuce, Hajiya bismilla, ku kuka fi mu jin jiki." Har wata tsohuwa ta sa mini albarka, ta ce irina sun ƙare a duniya. Malam yana ta hararata, "Abdulgani, mi kake yi haka?" Na ce, "Malam, yi haƙuri, jira nake kayan su nuna." Duk rayuwata ɓoye aibin kaya nake yi, ran nan kuwa sai da na sha rana kafin in fito da shi. Ba mu shiga ba sai da aka kusa tashi, ido ya faɗi, murya ta shige hanci.

Likitan ya ɗaga yatsa sama ya ce Malam ya kafa masa ido. Fatar idon ta riƙa saukowa a hankali kamar ana sauke ƙofar shago. Ya ce ya yi ta ƙirga da ƙarfi. Na ce ranka ya daɗe, wannan ladan ne, bar shi ya yi karatu. Ya kama Yasin, bai yi nisa ba muryar ta nutse. Sai aka yi masa wata allura. Ruƙayya, kafin in gama gyara hulata idon nan ya buɗe. Malam ya ce "Allahu akbar!" da muryarsa ta asuba, har ma'aikaciyar jinya ta saki faranti.

Da likita ya ga ina jin Turanci, ya jawo takarda ya zana mini. Ni da ɗan karatuna na aji biyu a sakandare, na ɗauka jijiya kamar wayar lantarki take, a haɗe daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsa. Ashe ba haka ba ne. Guntu-guntu ce, kuma guntayen ba sa taɓa juna. Inda wata ta ƙare wata ta fara akwai 'yar tsaga, haka ma inda jijiya ta isa ga naman da za ta motsa. Ido ba ya ganin tsagar, amma a wurin saƙo gulbi ce guda, kuma babu gada.

Ke ɗiyar mai fito ce, tuna Baba da jirginsa a mashigi. Saƙo yana tahowa da gudu daga kai, "buɗe ido", "ɗaga murya", ya iso bakin ruwa ya tsaya, ba ya iya tsallakewa. A nan jijiya tana da wani ruwa da take tarawa cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna. Sai ta zazzage su, ruwan ya haye kamar ƙananan jirage, kowane ya nemi matsaya a ƙetare. In da yawa suka tsaya, naman ya ji saƙo ya motsa. Sannan akwai wani mai shara da ke bin baya yana kwashe jiragen da suka gama aiki, don saƙo na gaba ya samu wuri. Haka ake yi a kowace ƙiftawar ido da kowane numfashi. Ya ce tunani ma haka ne. Wannan takarda da kike karantawa, fito ake ta yi a cikin kanki.

To ciwon Malam, jikinsa ne da kansa ya rushe yawancin matsayan ƙetare, kamar masu gadin da suka ruɗe suka far wa gidan da suke gadi. Da safe, bayan hutu, jirage suna da yawa, ko matsaya kaɗan ce wasu za su dace. Yana aiki suna raguwa. Kafin magariba 'yan kaɗan ɗin da ke hayewa ba sa samun wurin tsayawa, mai shara ya kwashe su. Kansa yana kiran salla daidai, saƙon ne ba ya sauka. Masu cewa lalaci ne ki turo mini su in zana musu.

An rubuta masa wata ƙwaya. Ita ba ta gyara matsaya. Mai sharar take riƙe wa hannu, sai saƙo ya daɗe yana yawo a bakin gaɓa har ya samu inda zai tsaya.

Yanzu ga inda daɗin yake. Likita ya tambayi sana'ata, na ce maganin ƙwari nake sayarwa, na feshin wake da auduga. Sai ya ajiye biro ya yi dariya, ya ce, "To ai kai ma mai sharar nan kake ɗaurewa. Maganinka da wannan ƙwaya wuri ɗaya suke kamawa." Ya ci gaba da wani dogon Turanci, amma ni na riga na samu abin da zan kai kasuwa. Kin ji ko? Maganin da ke rumfata da ƙwayar mijinki uwa ɗaya uba ɗaya. Ashe tuntuni likita ne ni, farar riga ce kawai ban samu ba. Daga yau Dokta za ki riƙa rubutawa a bayan ambulan.

Ƙwayar da muka samo za ta kai shi tsakiyar damina. A sha yadda aka rubuta. Kafin ta ƙare zan nemo wata, wannan ki bar shi a wuyana.

Larai tana gaishe ki. Ki gaida Malam, ki ce na yafe masa hararar.
Yayanki,
Dokta Abdulgani

*

Gwandu,
12 ga Yuni, 1994

Zuwa ga Yayana, Dokta tunda haka kake so.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da barka da shigowar damina. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a.

Yaya, Malam ya koma kan matakalarsa ta kiran salla. Tun kafin babbar salla shi ke kiran duka biyar. Ranar da ya fara kiran magariba ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji muryar ta fito cif, na zauna a ƙasa da rariya a hannu na yi ta kuka. Usman ya koma sahu. Masu cewa lalaci ne yanzu su ke riga kowa yi masa sannu.

Takardarka kuwa ta zama karatun gidan nan. Kullum bayan la'asar sai Malam ya ce, "Ɗauko ta ɗan'uwanki." Na karanta masa ita har ya haddace. Jiya na leƙa zaure na tarar da shi ya tara dattawa, yana zane a ƙasa da tsinke, ga gulbi, ga jirage, ga mai shara. Na ji yana cewa, "Subhanallahi, ashe tsakanin niyya da aiki akwai ruwa." In na zo wurin uwa ɗaya uba ɗaya kuma ya yi ta dariya, ya ce Bakabe irinka ko a gaban likita sai ya tallata kayansa.

Sai dai ƙwayar ba ta barin a manta da ita. In lokacinta ya wuce ko kaɗan, idon ya fara saukowa. Kwalbar ta yi rabi. Ina tuna maka ne kawai, na san ba ka manta ba.

Ka gaida Yaya Larai.
Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

*

Kalgo,
20 ga Yuli, 1994

Ruƙayya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, ya ruwa? Nan gero ya yi kyau, kasuwa ce ta mutu.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, ban samu ƙwayar ba tukuna. Na bi kemis-kemis na Birnin Kebbi, na je Jega, na koma Sakkwato har inda muka saya da farko. Ko'ina amsa ɗaya, babu. Wasu ma sai sun juya takardar sama da ƙasa kafin su ce ba su taɓa jin sunanta ba. Masu wannan ciwo ba su da yawa, ɗan kasuwa kuwa ba ya ajiye kayan da ba a tambaya, ni ma ba na yi. Wani a Jega ya shiga ciki ya fito mini da wata ƙwaya fara, ya ce ita ce, suna kawai aka sauya. Na ce, "Ɗan'uwa, dube ni da kyau. Wannan maganar ni ma da ita nake ci da iyali." Ya yi dariya ya mayar da kayansa.

Ga kuma wahalar man nan. Motoci sun yi layi a gidajen mai har direbobi sun fara shanya wanki a kansu. Tafiyar da ake yi kafin azahar yanzu sai a wuni.

Amma an haɗa ni da wani Isa a Kamba, mai shigo da magunguna daga Yamai. An ce in abu yana duniya, Isa zai kawo shi. Farkon wata zan tafi da kaina, irin waɗannan ba a yi musu aike.

Kafin nan a lallaɓa. Ki gaya wa Malam ya bar wa Usman kiran na ɗan lokaci, ya adana ƙarfinsa don cin abinci. Kiran salla ba gudu yake ba, zai tarar da shi inda ya bar shi.

Allah ya ƙara sauƙi.
Yayanki,
Abdulgani

*

Gwandu,
2 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Yayana Abdulgani.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na ga takardarka, na gode da wahalar da kake sha. Allah ya ba da sa'a a Kamba.

Ƙwayar ta ƙare. Mun yi ta rarraba ta rabi-rabi har ta ƙarshe. Ciwon ya dawo ya fi na da. Yanzu ko asubar ba ta fita sosai, kuma ido biyun ne ke sauka. In zai dube ni sai ya ɗaga haɓa sama. Kunu kawai yake sha, shi ma da cokali, a hankali.

Ranar Juma'a liman da dattawa suka zo. Sun yi magana mai daɗi, sun yi addu'a, sannan suka ce masallaci ba zai zauna da ladan na aro ba. In Maulidi ya zo Malam bai tashi ba, za a ba Usman gaba ɗaya. Malam ya ce, "Gaskiya ne," ya raka su ƙofa. Da yamma na neme shi ban gani ba, ashe yana gindin matakalar nan ta ƙasa da mahaifinsa ya gina, yana zaune ya dafa ta.

Yaya, ka ce kiran salla ba gudu yake ba. A wurin Malam gudu yake, kuma yana kallonsa yana tafiya.

Malam yana gaishe ka. Ya ce in akwai hali, kafin ka tafi ka ba Lawali maganin wake ya kawo masa, irin wanda kuka yi maganarsa da likita. Ya ce ƙaramar kwalba ta isa.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.
Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

*

Kamba,
9 ga Agusta, 1994

Ruƙayya,

Sallama. Gaisuwar sai wani lokaci. Kafin ki ƙarasa karanta wannan, tashi ki ɗauki kwalbar maganin waken da na ba Lawali ki fitar da ita daga gidan. Kada Malam ya sha ko ɗigo. Je ki yi, sannan ki dawo ki karanta sauran.

Yau da safe ina teburin mai shayi a tashar Kamba, ina ba mutane labarin likita kamar yadda na saba. Na zo wurin uwa ɗaya uba ɗaya, aka yi dariya. Sai wani tsoho da ke gefe, wanda bai yi dariyar ba, ya ce, "To ɗana, in haka ne mi ya kawo ka Kamba? Ba sai ka ba shi naka ba?" Aka sake fashewa da dariya. Ni kuwa kofi ya tsaya mini a hannu.

Wake bai fara fure ba, Ruƙayya. Babu mai feshi a farkon Agusta, rumfata shaida ce. Malam ba ya iya ɗaga cokali, balle ya goya famfon feshi zuwa gonarsa ta Malisa. Famfon ma ba ku tambaya ba, kuma nawa kuke ara duk shekara. Ƙaramar kwalba. Ni da nake gane abin da mai saye ke nufi tun kafin ya buɗe baki, na naɗe ta a takarda na miƙa wa Lawali ina tsokanarsa.

Ga sauran maganar likita. Na ji ta sarai ran nan, na bar ta ne don ba ta yi wa kayana kyau. Ƙwaya tana riƙe hannun mai shara ne na ɗan lokaci, sannan ta sake shi ya koma aikinsa. An auna ta don haka. Maganina ɗaure shi yake yi ya tafi, ba ya dawowa ya kwance. Kuma ba a maƙogwaro kaɗai ba, a kowane mashigi na jiki, har na ƙirji da ciki da ƙwaƙwalwa. Jirage su yi ta hayewa babu mai kwashewa, gaɓa ta cushe, nama yana jin "motsa, motsa, motsa" ba tsayawa. Ya yi ta rawa, ya gaji, ya daina jin komai. Abin da ke kashe ƙwaro ke nan. Kin taɓa ganin yadda suke harba ƙafa a ƙasa bayan feshi. Na ga haka a jikin mutum, wani mai feshi a Diggi da iska ta juyo masa.

Ki kula da wannan, shi ne tarkon. Da farko yana iya jin ƙarfi, murya ta dawo, ku ce an dace. Daga baya miyau zai yi yawa, gumi, ciwon ciki, naman jiki yana tsalle, baƙin ido ya tsuke kamar ƙwayar gero. Sannan jiki ya mutu, kamar tsohon ciwon ne ya dawo. Ba shi ba ne. Kada a ƙara masa. In har ya riga ya sha, ku kai shi asibiti a ranar, ko a amalanke ne, ku tafi da kwalbar a hannu. Akwai allurar da ke karya shi in an yi sauri.

Na so in taho da kaina. Amma Isa yana hanya daga Yamai da ƙwayar, an ce Juma'a, kuma ba ya ba kowa kaya sai wanda suka yi magana ido da ido. In na tafi, na dawo muku hannu wofi, kuma hannu wofin ne ya kai mu nan. Na auna, na zaɓi in tsaya. Allah ya sa ban yi kuskure ba. Wani direban babbar mota zai kai wannan Birnin Kebbi, ya ba sarkin tasha, shi kuma ya ba Lawali. Na roƙe su da girman Allah.

Wataƙila waken ne da gaske, ki yi mini dariya. Ina roƙon Allah ki yi mini dariya.

Yayanki,
Abdulgani

*

Gwandu,
10 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Yayana, Dokta na gaskiya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da godiya marar iyaka. Na san kana Kamba, ba ni da labarinka tun tafiyarka, amma na kasa haƙuri. Zan aika wannan Kalgo ta jira ka wurin Yaya Larai.

Yaya, Malam ya kira magariba jiya!

Yanzu zan gaya maka abin da ya hana ni faɗa. Maganin nan ba don wake ba ne. Ya ce kada in rubuta, wai za ka hana don kada a ce ka shiga aikin likita. Ni ma da farko na ƙi. Na ce, "Malam, wannan fa shi ke kashe ƙwari." Ya ce, "Ƙwayar ma in kika ba ƙwaro ai mutuwa zai yi. Ɗauko takardar ɗan'uwanki." Na ɗauko. Ya ce, "Karanta wurin." Na karanta. Ya ce, "Likita ne ya faɗa, ɗan'uwanki ya rubuta, kuma shi ya fi kowa sanin kayansa. Wancan magani, wannan magani. Wancan na masu hali ne, wannan na manoma. A rage yawa kawai." Duk abin da ya faɗa kuwa yana cikin takardar.

Da tsinke na ɗiga masa a kunu, ya yi bismilla ya sha. Shekaranjiya idon ya ɗan buɗe. Jiya muka sake. Da rana ta faɗi ya tashi ya yi alwala, ya fita, ya tarar Usman ya sa ƙafa a matakala. Ya ce, "Usman, dakata." Yaya, da ka ji muryar nan! Mata suka fito ƙofar gida. Liman da kansa ya riƙe hannunsa bayan salla.

Yana ɗan fama da miyau da gumi, cikinsa yana murɗawa, kuma naman kafaɗarsa yana motsi shi kaɗai. Ya ce alamar jiragen sun fara hayewa ke nan. Yau da safe ya tashi da 'yar kasala, ya ce jiya na yi masa rowa, yau in ɗan ƙara.

Ya ce in gaya maka kada ka wahalar da kanka a Kamba, ka dawo gida. Ya ce ranar Maulidi kai ne babban baƙonsa.

Allah ya bar mana kai.
Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

*

Gwandu,
24 ga Agusta, 1994

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji muryarka a zaure ranar da ka zo gaisuwa. An ce ka nemi ganina, aka ce maka ina barci. Ba barci nake yi ba.

Takardarka ta Kamba ta iso ranar sadakar uku. Tana aljihun Lawali, shi kuma yana layin mai. Na karanta ta. Duk abin da ka lissafa haka ya zo, ɗaya bayan ɗaya, ba ka yi kuskure ko guda ba. Da jikin ya mutu ya kasa magana, ya nuna mini kwalbar da ido. Na ƙara masa.

Mutane sun ce ciwonsa ne ya tashi. Liman ya ce ajali. Na bar su a haka, kai ma ka bar su. Kwalbar na binne ta. Takardarka ta farko tana ƙarƙashin buzunsa inda yake ajiye ta, ban taɓa ta ba.

An ba Usman ranar Maulidi. Muryarsa ba laifi. Ina jin ta sau biyar daga ɗakin da nake takaba.

Ga ƙwayoyin da ka bari na ba Lawali ya mayar maka, ba a buɗe ba. Ka nemi mai irin ciwon ka ba shi. Ka ba shi kawai, Yaya. Kada ka yi masa bayani.

Wassalam.
Ruƙayyatu, matar Ladan